Yadda ake kiyaye safar hannu daga ɓata da tanadin ta ko-ta-kwana a lokacin tsananin sanyi

Safar hannu ba ta ɓata tana kan hannu. Duk wadda ta salwanta, a daidai lokacin da aka zare ta ne ta tafi: za a amsa waya, za a laluba makulli, za a biya kuɗi, za a ɗaure wa yaro takalmi. Sai a soka ta a hammata, ko a ɗora ta a cinya cikin mota, ko a aza ta kan tebur da niyyar ɗauka nan da nan. Ana miƙewa ta zame ƙasa, kuma da yake abu ne mai laushi, ba ta ƙara idan ta faɗi. Ba a tunawa da ita sai sanyi ya fara cizon yatsu, a lokacin kuwa an riga an yi nisa.

Don haka aikin kashi biyu ne. Na farko, a rage yawan cirewa, kuma a san inda safa za ta je idan an cire ta. Na biyu, a yarda cewa duk tsantsenin mutum wata rana sai wari ɗaya ya ɓace masa, a tanadi wata busasshiya a inda hannu zai kai gare ta.

Kafin a shiga matakan, yana da kyau a san abin da ake gudu. Idan jiki ya ji sanyi, yakan tsuke hanyoyin jinin da ke zuwa yatsun hannu da na ƙafa don ya tattara ɗumi wajen zuciya da sauran kayan ciki. Shi ya sa yatsu ke fara sandarewa tun sauran jiki bai ji komai ba. Da zarar sun sandare, buɗe zif ko saka makulli a ƙofa ya zama aiki, wato abin da za ka yi ka ceci kanka shi ne ke fara gagarar ka. Hukumar yanayi ta Kanada ta ƙiyasta cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 zuwa 39 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Idan ya kai digiri 40 zuwa 47 ƙasa da sifili, minti 5 zuwa 10 sun isa.

Mataki na farko: tun a wajen saye

Yawancin mutane suna sayen saiti ɗaya mai kyau, su lallaɓa shi, ranar da wari ya ɓata su koma su sayi wani na daban. Bayan hunturu biyu sai a tarar da aljihun tebur cike da wari-wari, babu wanda ya dace da wani. Mafita ita ce ka sayi iri ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya, saiti uku ko huɗu a lokaci guda. Idan wari ya ɓata daga wannan saitin, wani kuma ya ɓata daga wancan, ragowar za su iya haɗuwa.

Sai dai akwai wani tarko a nan. Hannun da mutum ya fi aiki da shi, shi ne ya fi zare wa safa, don haka ga na-dama, safar dama ce ke yawan tafiya, ga bahago kuma ta hagu. Kana iya wayar gari da na hagu uku babu ta dama ko ɗaya. Maganin wannan shi ne safar saƙa mara tafi, wadda gaba da bayanta duk ɗaya ne, tana shiga kowane hannu. Irin wannan ita ta fi dacewa da zama ta ko-ta-kwana, domin ko wane wari ya ɓata za ta maye gurbinsa.

Batun launi kuma, baƙi ne aka fi saye, kuma shi ne ya fi wuyar gani a ƙasan kujerar mota ko a bakin titi da magariba. Ja, ko ruwan goro, ko rawaya mai haske, ana hango shi daga nesa a kan dusar ƙanƙara, kuma wanda ke bayanka zai fi saurin cewa "ga safarka ta faɗi". Idan ba ka son launi mai ƙyalli, ɗinka ɗan ƙyalle mai haske a bakin wuyan safar.

Girma ma a kula da shi. Auna kewayen tafin hannu ta kan gaɓoɓin yatsu, ban da babban yatsa. Yawan incin da aka samu shi ne lambar safar a tsarin da kamfanoni da yawa ke bi, misali santimita 20 kusan inci 8 ke nan. Safa mai matsewa tana tauye jini ta ƙara sanyi, mai yawa kuma tana hana riƙe abu, sai ka riƙa cire ta a kai a kai, daga nan kuma ɓata ke farawa.

Auduga kuwa a bar ta. Tana shan ruwa ta riƙe, ruwa kuma yana janye ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Ulu ya fi, don yana iya shan laima kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa bai nuna jiƙewa ba. Zaren roba irin na rigunan sanyi na zamani shi ma yana da kyau, ga saurin bushewa.

Mataki na biyu: safa biyu a hannu ɗaya

Wannan shi ne matakin da na fi ba muhimmanci, don shi ke kashe matsalar daga tushe. Saka siririyar safa ta ciki, sannan ka ɗora mai kauri a kanta. Idan aiki ya taso wanda ke buƙatar yatsu, ta waje kawai za ka zare, ta ciki tana nan. Ko da ta wajen ta ɓata, hannunka bai zama tsirara ba, kana da abin da zai kai ka gida.

Ta cikin ta kasance mai zare na musamman a kan yatsu wanda fuskar waya ke ji. Fuskar wayar zamani tana aiki ne da ɗan lantarkin da ke ratsa fata, shi ya sa safar gama-gari ba ta motsa ta. Waya kuwa ita ce babbar mai sa a cire safa a wannan zamani, kowa ya duba kansa zai gani. Idan kana iya amsa kira da duba taswira ba ka tuɓe hannu ba, ka rage rabin haɗarin.

Ta waje, idan sanyin mai tsanani ne, dunƙulalliya ta fi mai yatsu biyar. Ina nufin irin wadda yatsu huɗu ke zama tare a ɗaki ɗaya, babban yatsa kaɗai ke da nasa. Yatsun suna ɗumama juna, kuma fuskar da iska ke bugawa ba ta da yawa. Aibinta ɗaya, ba a iya aiki da ita, don haka ana yawan zare ta. Wannan ya kai mu ga ɗauri.

Mataki na uku: a ɗaure ta a jiki

Akwai hanyoyi uku, kowa ya zaɓi wadda ta dace da shi.

Igiyar wuyan hannu: ɗan madauki na roba da ake ɗinkawa a bakin safar, a zura hannu ciki kafin a saka ta. Idan an zare, sai ta yi reto a wuyan hannu maimakon ta faɗi. Safar masu wasan zamiya a dusar ƙanƙara da yawa da ita suke zuwa. Idan taka ba ta da shi, roba mai faɗi kamu ɗaya da allura da zare sun isa. Ka bar madaukin da ɗan sassauci, kada ya matse jijiya.

Maƙali: ɗan guntun roba mai matsi a kowane gefe, ɗaya ya kama hannun riga, ɗaya ya kama safa. Shi ya fi dacewa da yara.

Doguwar igiya: wadda ake zurawa ta hannun riga ɗaya, ta bi ta baya, ta fito ta ɗayan hannun, a ɗaure safa a kowane ƙarshe. Tsohuwar dabara ce ta mutanen ƙasashen ƙanƙara, kuma tana aiki. Amma ga ƙaramin yaro ban ba da shawararta ba, domin igiya tana iya sarƙewa a lilo ko a ƙofar mota ta shaƙe shi. Haka ma mai aiki kusa da inji mai juyawa, kada ya rataya komai a hannunsa.

Ko wace hanya aka bi, a rubuta lambar waya da alƙalami mara gogewa a kan ƙyallen da ke cikin safar, wari biyun duka. Mai tsintuwa sau da yawa yana son mayarwa, hanyar ce ba shi da ita.

Mataki na huɗu: safa tana da ɗaki ɗaya

Dokar gajera ce. Idan ka zare safa, aljihu ɗaya take shiga, kullum shi, kuma mai zif. Ba hammata ba, ba cinya ba, ba saman mota ba. Ko abin da za ka yi bai wuce ƙiftawar ido ba, saka ta a aljihun ka ja zif. Da farko za ka ga kamar ɓata lokaci ne, bayan mako biyu hannu zai riƙa yi da kansa.

Aljihun ciki na ƙirji ya fi na gefe. Na gefe a buɗe yake, kuma duk lokacin da ka ciro waya ko makulli kana iya jawo safa ta faɗi ba ka sani ba. Na ƙirji kuma yana da ƙarin amfani, ɗumin jiki yana riƙe safar da ɗumi, ba za ka maida hannu cikin abu mai sanyi ba. Idan ka shiga gida ko ofis ka tuɓe kwat, cusa safar biyu cikin hannun kwat ɗin. Ba yadda za a yi ka saka kwat ba ka ci karo da su ba.

Sai al'adar waiwaye. Duk inda ka zauna, bas ko jirgin ƙasa ko ɗakin jira, in ka miƙe ka juya ka dubi kujerar da ƙasanta kafin ka taka.

Mataki na biyar: inda ake ajiye ta ko-ta-kwana

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Suna da safa ta biyu, amma tana gida cikin akwati. Safar da ke gida ba ta amfanar wanda ke tsaye a tashar bas.

Ta farko ta zauna a jikinka, a aljihun ciki na kwat ɗin da ka fi sakawa. Siririya ce, ba ta cin wuri. Idan kana da kwat biyu, kowanne da tasa, kada ka dogara da cewa za ka tuna ka sauya. Ta biyu a jakar da kake fita da ita, cikin leda mai rufewa don kada ruwan gora ko narkakkiyar ƙanƙara ya jiƙa ta. Kuma a saman jaka, ba a ƙasa ba. Da sandararrun yatsu ba ka son zazzage kaya a tsakiyar iska.

Mai mota ya ajiye saiti mai kauri na aiki a cikin motar, ba a but ba, domin murfin but yana iya daskarewa ya ƙi buɗuwa. Wannan saitin shi ne na canza taya da kankare gilashi. Ƙarfe mai tsananin sanyi yana kama fata mai laima, man fetur kuma ba ya daskarewa a irin sanyin da ruwa ke daskarewa, don haka idan ya zuba a hannu tsirara yana iya ƙona fatar da sanyi nan take. Safar mota takan yi sanyi ƙarara, saka ta cikin riga na ɗan lokaci kafin ka sa hannu.

A wurin aiki ma a bar saiti ɗaya a aljihun tebur. A gida kuma kwando ɗaya kusa da ƙofar fita, kowa ya san nan ne mazaunin safa.

Doka ɗaya ce ke riƙe duk wannan tsari: ranar da ka taɓa ta ko-ta-kwana, a ranar za ka mayar da ita ko ka maye gurbinta. In ba haka ba, ta zama ta yau da kullum, kuma ka koma ba ka da komai a ajiye alhali kana zaton kana da shi.

Akwai kuma abin da ya fi ajiyar wuya, wato tunawa da ita. Ranar 3 ga Yuni, 1950, Maurice Herzog da Louis Lachenal, 'yan ƙasar Faransa, suka hau ƙololuwar Annapurna a Nepal, mai tsayin mita 8,091, karo na farko da ɗan Adam ya taka ƙololuwar dutsen da ya haura mita 8,000. A hanyar saukowa Herzog ya zare safarsa don ya buɗe jaka, ya ajiye ta, yana kallo ta gangara ta tafi. A cikin jakar akwai safar ƙafa da zai iya zura hannayensa ciki, amma gajiya da ƙarancin iska suka hana shi tunawa. Ya sauko da hannu tsirara, daga baya likitan tawagar, Jacques Oudot, ya yanke masa yatsu. Sanyi da gajiya suna dushe tunani, shi ya sa ake son mutum ya riƙa taɓa aljihun ajiyarsa duk safiya kafin ya fita, har wurin ya zauna masa a ka.

Mataki na shida: jiƙaƙƙiya ma ɓatacciya ce

Safar da ta jiƙe da gumi ko ƙanƙara ba ta da maraba da wadda ta faɗi a hanya, wani lokacin ma ta fi ta illa. Idan za ka daɗe a waje, sauya ta da zarar ka ji laima, ka saka jiƙaƙƙiyar cikin riga ta fara bushewa. Kafin ka saka safa, kakkaɓe ƙanƙarar da ke hannun rigarka da hannunka, don tana shiga ciki za ta narke.

A gida, kada ka bar ta a dunƙule cikin aljihu har gobe. Ciro ta ka buɗe bakinta, ka tsayar da ita yatsu sama a kan kwalba ko sanda, iska ta shiga. Tsohuwar jarida da aka cusa ciki tana tsotse laima. Ta fata kada ta kusanci hita ko wuta, za ta ƙandare ta tsattsage. A bar ta ta bushe a hankali, sannan a shafa mata man fata. Mai shimfiɗar hana ruwa a ciki kuma kada a juya ta ciki-waje, domin ƙyallen yatsun idan ya fito, mayar da shi sai an sha wuya.

Idan ta riga ta ɓata kana waje

Fara rufe hannun, nema ya biyo baya. Ciro ta ajiya. Idan babu, safar ƙafa busasshiya tana aiki, hular sanyi ma haka idan kwat ɗinka yana da hula, ko ka janye hannu cikin hannun riga ka dunƙule bakin. Leda a kan kowanne daga cikin waɗannan tana tare iska. Idan wari ɗaya ya rage, riƙa sauya shi tsakanin hannayen, ɗayan kuma yana hammata ta cikin riga. Hura wa yatsu numfashi yana da daɗi na ɗan lokaci, amma laima yake bari, ita kuma ta ƙara sanyi.

Ƙananan fakitin ɗumama hannu suna da amfani a ajiye su tare da safar. Garin ƙarfe ne a ciki, idan aka buɗe ledar iska ta shiga sai ya fara tsatsa da sauri yana fitar da zafi na sa'o'i. Suna da ranar lalacewa, a riƙa dubawa. Kada a manna su kai tsaye a fatar da ta daina ji, za ta ƙone mutum bai sani ba.

Ka lura da yatsun. Ja da zugi alama ce ta jini na zuwa. Idan suka yi fari ko toka-toka, suka yi tauri, suka daina ji, fata ta fara daskarewa. Kada a murza, kada a goga ƙanƙara, kada a kara a wuta. A shiga wuri mai ɗumi, a cire zobe kafin kumburi, a tsoma hannun cikin ruwa mai ɗumi na digiri 37 zuwa 39 a ma'aunin Celsius, wanda gwiwar hannu ke jurewa ba tare da jin ƙuna ba. Idan akwai yiwuwar hannun ya sake daskarewa kafin a isa mafaka, kada a narkar da shi tukuna, domin daskarewa ta biyu ta fi ta farko ɓarna. Bororo, ko fata ta yi baƙi, ko rashin ji da ya ƙi wucewa, duk na asibiti ne. Masu ciwon suga, da masu shan taba, da masu cutar Raynaud, wadda ke sa yatsu su yi fari fat da ɗan sanyi kaɗan, su ne suka fi bukatar safar ajiya, har a ranakun da wasu ke ganin sanyin ba wani abu ba ne.

Bayan hannu ya yi ɗumi sai nema. Koma wurin da ka cire ta na ƙarshe, ba wurin da ka lura ba ta nan ba. Duba sama, kada ka tsaya ga ƙasa kawai: masu tsintuwa sukan rataye wari a kan shinge, ko su soka shi a kan sanda, ko su aza a bakin taga don mai shi ya gani. Kamfanonin bas da na jirgin ƙasa suna da ofishin kayan tsintuwa, amma ba sa riƙe kaya har abada, don haka a tuntuɓe su da wuri, a faɗi lambar hanya da lokaci da launin safar.

Warin da ya rage kada a yar. Ajiye shi a jaka guda tare da sauran marayun har hunturu ya wuce, don sau da yawa ɗan'uwansa yana fitowa daga ƙarƙashin kujerar mota, ko ya bayyana idan ƙanƙara ta narke. Wari biyu da ba su yi kama ba, in dai akwai na dama da na hagu, sun isa zama safar mota ko ta share ƙanƙara.

Idan sanyi ya wuce, a bi duk maɓoyan ɗaya bayan ɗaya, kwat da jaka da mota da ofis, a tattaro su. Ta ulu a wanke da ruwa mai sanyi da hannu, kada a murɗe, a shanya ta a kwance, don ruwan zafi yana tsuke ta. Sai ta bushe sarai a saka ta a leda mai rufewa, saboda asu ya fi bin ulun da ke da gumi. A haɗa kowane saiti da fil, a ƙirga abin da ya rage, a cike giɓin tun a lokacin, sannan a mayar da saiti ɗaya aljihun ciki na kowane kwat kafin a rataye shi.